Abin Tada Jifnin Lolo Ambo

"Ina kwana, Lolo? Ashe yau ma ka tashi?"

Charito ce, jikar maƙwabcina Lolo Ambo. A nan Lolo ake ce wa kaka namiji, jika kuma Apo. Ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta kamar mutuniyar kirki, amma ji abin da bakin ke fitarwa. Ina ƙofar gida ina tsoma burodin fandesal a kofi, komai a kunnena. Jifnin tsohon, wato motar hayarsa, shi ne ke kai ta kasuwar Lemery da kulolin kifinta, kuma kullum sai unguwa ta fito turi, don injin dizal ɗin nan ya girmi uwarta. Kafin ya tashi ƙanƙara ta narke, masu saye sun watse. Jiya ta rantse in aka sake turi za ta koma motar Mang Kulas, mutumin da Lolo ko sunansa ba ya son ji.

"Lafiya lau, Apo. Na so tafiya cikin barci, sai na tuna ke za ki yi girkin zaman makoki, na tausaya wa jama'a."

"Ina masu turin?"

"Na sallame su. Buɗe idonki."

Ya zaro wani jan abu daga aljihu, bai fi sabulun wanka ba, da wayoyi biyu sirara kamar taliya.

"Lolo, aski za ka fara?"

"Abin tada mota ne, jahila. Har waya yake caji."

"Wa ya sayar maka?"

"Mai rumfar nan ta bakin coci."

"Mai sayar da rigar waya? Ka gaya masa dizal ce, mai batir biyu?"

"Ya ce ba abin da ba ya tadawa."

"Ba shi ya sayar maka da man da zai dawo da gashinka ba? Ga kan nan, har fuskata nake gani a ciki."

"Shi ya sa yake min ciwo tun da kika iso."

Ta nuna bayan kulolin. Wani baƙin akwati ne mai mariƙi, wayoyinsa kauri kamar igiyar jirgin ruwa.

"Ga na dizal. Daga shagon Aling Pacing na ɗauko. Ta ce a gwada, in ya yi ka biya, in bai yi ba a mayar."

"Wannan? Sai na ɗauki yaron mota don ya riƙa ɗaukarsa! Nauyinsa kaɗai zai sace min taya."

"Tayar da ta yi sumul kamar dasashinka?"

"Dasashin nan ya ci kifi tun kina cin ƙasa. Kuma motata ba ta da ciwo, jan aji take yi. Lallashi take so."

"Mutum takwas ke lallashinta kullum da kafaɗa. Mang Kulas taɓa makulli kawai yake yi."

"Kulas! Ni na koya masa riƙe sitiyari, ya shiga da ni kantin shinkafa."

"Ya shiga, amma ba turo shi aka yi ba."

Tsoho ya ɗaga bonet, ya maƙala taliyarsa a batir, ya hau kujera, ya shafi ɗan gunkin Santo Ninyo da ke gaban gilashi, ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya ƙara. Ƙyas. Sai jan abin ya fara tsuwa kamar ɗan tsako da ruwa ya daka.

"Kai, Lolo, sassauta gudu! Kada mu wuce kasuwar!"

"Ƙarnin kifinki ne ya sumar da shi."

"A ba shi nono ko zai farfaɗo?"

Ruwa ya fara ɗiga daga gindin kula yana bin ƙasa. Charito ta dube shi, dariyar ta ragu. Can kan kwana sai ga hon, irin na Mang Kulas, mai kiɗa kamar na mai sayar da askirim. Ta fita bakin titi ta ɗaga hannu.

"Ke! Sauke hannun nan!"

"Na'am? Ƙarar injinka ta hana ni ji."

"Jinina a motar Kulas? Gobe duk tasha ta ɗauka!"

"Kifina ba ya tasha, Lolo. Ruɓewa yake yi."

Motar Kulas ta fara rage gudu. Har na hango haƙoransa.

"Kawo baƙin akwatin nan naki, mayya!"

"Wanne? Mai sace taya?"

"Apo, don girman kakarki!"

Ta yi wa Kulas alama ya wuce. Ta cicciɓo akwatin, ta cire taliyar, ta danna manyan bakunan a batir. Murɗawa ɗaya, jifni ya yi tari, ya yi gurnani, ya watsa min baƙin hayaƙi har cikin kofi. Kaji suka tsere.

Lolo ya zauna yana sauraron injin. Sai dariya ta ƙwace masa har da buga sitiyari.

"Loda kayan warinki, kin ci. Mu biya ta wurin Pacing in mun dawo."

Ta loda, ta haye gaba. Ya miƙa mata jan abin da hannu biyu.

"Ungo. Gadonki ke nan gaba ɗaya, na ba ki tun ina raye."