Ilhamar Bayan Fura

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulun salo a shanya, da ranar da na miƙe gaban jama'a a Bodinga don in nuna musu inda manyan masu bincike ke samo dabara. Kafin wannan rana, duk wanda ya tambaye ni zai ji cewa a kaf cibiyar binciken cututtuka da nake aiki a Sakkwato babu kan da ya kai nawa albarka. Wasu sai sun rungumi littattafai, wasu sai sun ƙura wa madubin likita ido har ya yi ja. Ni kuwa, nakan ce, dabaru layi suke bi a ƙofar kaina kamar masu jiran ganin likita, sai wadda na ga dama nake ce wa ta shigo.

Gaskiyar magana (tsakanina da kai, mai karatu), layin nan ya daɗe da watsewa. Yaran da na koya wa riƙe allura suna ta fitar da sabon bincike, ni kuma ina ta fitar da tumbi da barkwanci.

Ana nan sai aka ce za a fara babban bincike kan tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, a ƙauyukan Bodinga da Shagari. Kowa ya zo da ra'ayinsa, wata Farfesa baƙuwa daga wata jami'a ta saurara, ta zaɓi wanda zai jagoranci aikin. Shugabanmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa.

"Likita, Bodinga garinku ne," in ji shi. "In ka bari yaran nan suka kayar da kai a gaban danginka, to kwamitin kula da motoci yana neman shugaba."

Kwamitin motoci! Wurin da ake kai mutum ya tsufa yana ƙirga tayoyi. Na yi dariya, na ce ya kwantar da hankalinsa.

Babu inda ban nemi dabara ba. Na shiga ɗakin karatu, na fito da ciwon wuya. Na sha shayin da zai iya cika rijiya. Har na zauna gaban kwalbar dodon koɗi, wanda shi ke ɗauke da ƙwayar cutar a cikin ruwa, ina kallonsa yana kallona.

Ana gobe taro na ce, in babu komai a kai, ai jiki ya samu. Na nufi Shagari karɓo babbar rigar da na ba taubashina Mamman, tela ne a bakin kasuwa.

"Likitan dodon koɗi!" ya kwaɗa mini kira tun ban sauka daga kabu-kabu ba. "Mi kaka biɗa da tsakar rana haka?"

"Rigata, ɓarawon yadi."

"Saura wuya. Zamna ka sha hura, ka bar ɗaure huska kamar wanda anka hana ma gado."

Furar kuwa ta sha nonon garin Kajiji, mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki da kansa. Na yi mata adalci. Sai na ɗan kishingiɗa a kan benci bayan tarin yadudduka, don kawai in yi tunani. Keken ɗinki na ta sakar-sakar, iska mai ƙanshin albasa na shigowa ta taga, hayaniyar kasuwa tana ja da baya a hankali kamar ana naɗe ta.

Sai bencin ya tashi da ni.

Ya fita ta ƙofa a natse, ya bi ta saman rumfuna, ya ratsa gonakin albasa da suka shimfiɗu kore shar har ƙarshen gani. Albasar da kanta ta riƙa tsirowa daga ƙasa tana tashi sama, kowace tana haske kamar ƙaramar fitila, suna raka ni. Muka iso bakin madatsar ruwa. Ruwan ya kwanta lumui, sararin sama ya sauko ya kwanta a cikinsa, balbelu na tafiya a kan gajimare. Ga mata a bakin ruwa suna wanki, zannuwansu a shanye ja da shuɗi da rawaya, iska na ɗaga su tana mayarwa kamar suna numfashi. Dodon koɗi kuwa, kowane ya kai girman rumbu, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna cire mini hula. (A farke ba su taɓa gaishe ni ba.)

Daga can sama sai wata murya ta sauko, muryar mace, a natse, tana zuwa tana komawa kamar iska na wasa da ita.

"Kullum yara maza muke dubawa," in ji muryar, "domin su ne ake ganin jini a fitsarinsu. Matan da ke wanki da ɗiban ruwa fa? Ruwan ɗaya suke shiga. Sai su zo asibiti da ciwon mara, a ce ciwon sanyi ne, a ba su magani, su tafi su dawo, su tafi su dawo. Alhali a wasunsu ba sanyi ba ne, tsargiya ce ta ɓuya. Kun gane ko?"

Na buɗe baki zan tambaye ta yadda za a gano, sai wani kiɗa mai taushi ya taso daga cikin ruwan, bencin ya fara saukowa.

Na yi zumbur na miƙe. "Mamman, na samu!"

"Mi ka samu? Mu dai minshari munka samu. Har mai goro ya leƙo shina tambaya ko injin niƙa munka saye."

Ban kula shi ba. Na naɗe rigata da ya gama wa wuya ina barci, na kama hanyar Bodinga ina jin kamar har yanzu ƙafafuna ba su taɓa ƙasa ba.

Washegari na makara, domin daga ƙofar gidanmu zuwa zauren taro duk wanda na gamu da shi ko kawu ne ko ɗan kawu, kuma kowa na gayyace shi ya zo ya ga ikon Allah. Kafin in shiga, baƙuwar ta riga ta gama jawabinta ta zauna. 'Yar ƙaramar mace ce mai farin tabarau, tana jujjuya biro a hannu. Zaure ya cika: ma'aikatan lafiya, ungozomomi, wakilin hakimi, ga dangina sun mamaye layin baya.

Da aka zo kaina, na gyara hannun riga na zuba. Na yi maganar matan bakin ruwa, na yi maganar sanyin da ba sanyi ba. Kawuna suka fara gyaɗawa. Na hango shugabanmu yana murmushi, na ji kwamitin motoci yana yin nisa.

Sai wata matashiyar abokiyar aikinmu, Dakta Hadiza, ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, ina ka samo wannan ra'ayi?"

Mutum mai hankali sai ya ce nazari ne ya zauna. Ni kuwa an taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi.

"Ƙanwata, irin wannan ba a littafi ake samunsa ba," na ce. "Ilhama ce. A mafarki ta zo mini." Na kwashe labarin benci da albasa na ba su, na ƙara gishiri, na ƙara yaji. Da na ga ana dariya sai na zarce. "Muryar kuwa ta wata tsohuwar aljanar ruwa ce, mai kaushi kamar ƙyauren kwano da ya shekara bai ga mai ba." Na toshe hanci, na maƙale murya, na ja: "Kun gane kooo?"

Dangina na layin baya, waɗanda tare muka makara, suka fashe da dariya. Sauran jama'ar zauren kuwa suka juya suna duban Farfesa. Ungozomomi suka ja mayafi suka rufe baki. Shugabanmu ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, wanda har yau ban ji an ce ya same shi ba.

Farfesa ta ajiye biro, ta jawo lasifika.

"Likita, ra'ayin ya yi kyau. To ta yaya za ka gano cutar a jikin matan?"

Tun daga kalmar farko na ɗago kai na dube ta. Na san muryar nan. A sama na baro ta, tsakanin balbelu.

"Ranki ya daɗe," na ce, "daidai nan mafarkin ya yanke."

"Ba yankewa ya yi ba, lokacin shirin ne ya ƙare. Jiya da rana gidan rediyo ya sa hirar da aka yi da ni." Ta gyara tabarau. "Kun gane ko?"

Sai a lokacin na tuna da rediyon Mamman, wanda ke rataye a ƙusa daidai saman bencin nan, ba a taɓa kashe shi ba tun ranar da aka sayo shi. Dariyar da aka yi, na rantse an jiyo ta har garin Sifawa. Wakilin hakimi, dattijo mai rawani, sai da aka miƙa masa ruwa. Ni kuwa na tsaya cikin babbar rigata ina addu'ar bencin jiya ya dawo ya ɗauke ni.

Dakta Hadiza aka ba jagorancin, kuma ta cancanta. Ni yanzu na san lafiyar kowace taya a cibiyarmu. Abin da na koya shi ne, dabara takan zo wa mutum yana kwance, wannan gaskiya ne, amma kafin ka ce daga sama ta sauko, ka tambayi waɗanda ke farke abin da ake yi a ɗakin.

Da aka tashi na laɓe a bayan ƙofa ina jiran zaure ya watse. Farfesa ta zo wucewa, ta tsaya, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Likita, mako mai zuwa za su sa kashi na biyu, a nan na yi bayanin gwajin," ta ce. "Ka daure ka sha fura da yawa ka kwanta da wuri."