Mesotoron a Takardar Ƙosai

In kun ga dama ku ce ƙarya nake, ai an saba faɗa mini. Amma ni ba zan manta da ranar da takardar ƙosai ta hana ni zuwa kwas Kano ba, ko da zan kai shekara ɗari.

Zamanin Turawa ne, ina ƙaramin malami a wata elementare kan hanyar Roni. Sai aka aiko cewa Baturen makaranta zai zo daga Kazaure ya zaɓi malami ɗaya a tura shi kwas. Mu biyu ke nema, ni da Malam Bawa, mutumin da in ya fara koyar da lissafi har ƙudaje gyangyaɗi suke. Na ce wannan ai na gama da shi.

Ana saura kwana goma na sayi ƙosai, aka naɗe mini a yagaggen shafin mujallar Turanci. Ina ci ina karantawa ta cikin maiƙo. Wai kowane abu a duniya, har duwatsun Kazaure, da ƙwayar zarra aka gina shi, kuma akwai wani ɗan mitsitsin abu mai ɗaure zuciyar ƙwayar kada ta watse. Sunansa mesotoron. (Ban fahimci ko rabin shafin ba, amma sunan ya yi mini daɗi a baki fiye da ƙosan.)

Na ajiye jadawali gefe. Safe da rana ina tambayar 'yan ajina, "Me ke ɗaure zuciyar zarra?" su amsa da waƙa. Ni dai ina jin "me...tsoron" na tashi har rufin ɗaki, ban taɓa kasa kunne na ji ƙarshenta ba. Hedimasta Malam Sule ya leƙo ya ce, "Kai dai ka koya musu sau biyu sau uku." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ilimin ko a Ikko sai an tona."

Ranar ta zo. Na sa farar rigata da ta sha bugu, na soke alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Baturen, wanda muke ce wa Mai Lofe, ya shigo da hedimasta, Malam Bawa na laɓe a taga. Na gyara murya.

"Yara, me ke ɗaure zuciyar zarra?"

Baki ɗaya, tsaf, don a burge baƙo: "Mai tsoron Allah!"

Ashe tun ranar farko abin da suke ji ke nan, suka ƙarasa mini da abin da suka sani daga makarantar allo.

Mai Lofe yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya cire lofensa ya ce, "Malam, darasin addini ne?"

Da ina da hankali da na ce e. Ina! Sai na rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe, na shiga zuba Turancin da ni kaina ban san inda ya dosa ba. Ya bar ni na gama sarai, sannan ya ce a hankali, "Wannan suna an daɗe da barinsa. Meson ake cewa yanzu. A wane littafi ka gani?"

Malam Bawa, Allah ya saka mini, ya miƙo hannu ta taga ya zaro takardar daga ƙarƙashin rajistar aji, inda na ɓoye ta a kan teburina. Baturen ya ɗaga ta da yatsa biyu, rana na ratsa maiƙon, ya duba gindin shafin. Tun farkon yaƙin duniya na biyu aka buga ta, lokacin ina yawo ba wando. Ya sansana, ya ce, "Ƙosai?"

Malam Bawa ne ya tafi Kano. Ni kuwa na samu suna, har jikokina a Gwiwa sun san Malam Mai Tsoro. Tun daga ranar, ilimin da ya zo da maiƙo sai na tambayi shekarunsa kafin in ɗauka.

Da motar Baturen ta tashi, na bi hedimasta ina kame-kame. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ne suka ɓata mini amsa."

Ko juyowa bai yi ba.

"Amsar yara har gobe tana nan daram, Malam. Taka ce ta yi kwantai."