Nomau da Rumbun da Ke Amsa Sallama

A ƙauyen Ɗinya an yi wani mutum wai shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauka, ko da wasa kake, ko cikin fushi. Matarsa Tasalla kuwa akwai baki, ga ta da tsohon ciki, na fari. Ruwan farkon damina ya rushe musu ɗaki, suka koma raɓe a zauren kawunsa Jatau. Tasalla ta rantse ba za ta haihu a zauren mutane ba. In bai samo mata ɗaki ba gidansu za ta tafi, can ƙetaren rafi, kuma kada ya sa rai da dawowarta. Nomau kuwa duk duniya ba abin da yake tsoro kamar wannan.

Wata rana ya kai wa kawu kukansa. Kawu Jatau, da ya riga ya gaji da su, ya ce masa cikin gatse ai ga rumbuna uku da uban Nomau ya bari can bakin gona sun shekara bakwai ba hatsi, ya je ya mai da su gida mana. Nomau ya durƙusa ya yi godiya. Kafin kawu ya gama dariya gogan naka ya kai gona. Ya kori ɓeraye, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe tsaga, ya yi yaɓe, ya ɗora sabuwar jinka. Ɗaya ya ce na kwana ne, ɗaya na kaya, babban na baya kuma na baƙi. Aiki dai ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Wata rana ya kawo Tasalla ta ga gida. Ta zaga rumbu sau biyu tana neman ƙofa, ba ta ga komai ba sai duwatsun da yake zaune a kai, kaji na kiwo a ƙarƙashi. Nomau ya nuna mata tsani, ya ce ai marigayi Baba ya faɗa masa rumbu ta ka ake shigarsa, mai huda masa ciki ɓarawo ne, shi kuwa ba ɓarawo ba ne. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe, amma da zaman zaure gara nan. Haka baiwar Allah take hawa tana nishi, ta sauka ciki bisa turakun da ya kafa a bango, shi kuma ya zuro mata tuwo da guga.

Wata rana Gwaggo Yalwa, ƙanwar ubansa, ta zo ganin gida, ta tarar ya jingina tsani jikin babban rumbu. Ta ce kul, tun zamanin kakanni ba a shiga wannan rumbu haka kawai, sai an yi sallama. Ita don maciji ta faɗa, ya ji motsi ya janye. To amma Nomau ya san wanda ya yi sallama jira yake a amsa masa. Kullum sai ya hau, ya ɗaga jinka, ya yi sallama cikin duhun, ya zauna bisa tsani yana jira. Masu wucewa gona har tsayawa suke su yi ta dariya. Kwana tara ana haka.

A na goma, rana tsaka, ko ganye ba ya motsi, kajin da ke ƙarƙashin rumbun suka fito a guje ba wanda ya kore su. Nomau ya yi sallama. Tasalla na wajen murhu, da kunnenta ta ji muryar wata tsohuwa ta taso daga ciki, a hankali.

"Wa alaikumus salam. Ka daɗe a tsaye, ɗan nan."

Muciya ta faɗi daga hannunta. Nomau kuwa ya sauka ciki abinsa, ya jima, ya fito yana kaɗe wando. Ya ce ba kowa, sai wani tsohon damin gero da ya yi baƙi ƙirin, da wani gurbi cikin ƙura kusa da shi, da ɗuminsa, kamar yanzu aka tashi daga zaune. Ya ce baƙuwar da kunya take. Tun daga ranar tsoro ya hana Tasalla ko duban wajen.

Wata rana, Laraba ce da safe, hadari ya haɗu ta gabas, Tasalla ta ce yau kam ta gama. Ta shiga rumbun kwana tana ɗaure kayanta, mara na ɗan murɗa mata. Nomau ya leƙo daga sama yana ba ta haƙuri, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce ya ɓace mata da gani, kuma wannan la'anannen tsani ya kai shi inda idonta ba zai ƙara ganinsa ba. Ya ce to. Ya saɓi tsani ya yi gaba, ya bar ta ciki. Ta hau turaku ta leƙo, ƙasa ta yi mata nisa, ta yi ta ƙwala masa kira, shi kuwa yana can ya hau tsamiya yana jawo tsani cikin ganye don ya ɓoye shi da kyau.

Yana nan bisa aka ji rugugi daga gabas. Rafi ne ya ɓalle. Ruwa ja wur ya shafe hanyar ƙetare, wadda da Tasalla ta sami fita da a lokacin tana tsakiyarta, ya shiga gari ya kwantar da zauren Kawu Jatau, mutane suka gudu tudu. Ya iso gona ya bi ta tsakanin duwatsun rumbuna, ya haura su da kamu guda, ya yi ta zaga bango bai sami ƙofa ba. Nomau na bisa tsamiya yana kiran sunan matarsa, ba amsa.

Sai bayan la'asar ruwa ya janye. Ya sauko da tsani, ya ratsa taɓo, ya hau rumbun kwana. Ya yi sallama, ya jira. Kukan jariri ne ya fara amsa masa, sannan Tasalla.

Ya tarar da ita kwance, 'ya mace a gefenta, an yanke cibiya an ɗaure tsaf, an goge ta. A wajen kanta kuwa ga tsohon damin geron nan baƙi, wanda ya bari a babban rumbu. Ya tambaye ta wa ya shigo, tunda tsani na wurinsa.

Tasalla ta nuna masa bango.

"Sallama aka yi mini daga nan, ni kuma na amsa. Nomau, kada ka huda wa rumbun nan ƙofa. Gobe in ka hau babban rumbu, ka ce wa tsohuwar na gode."

Ya ce to.