Rasuwar Turmin da Yake Amsa wa Goggo

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Goggo ta gidan ƙarshen layi take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar turminta na casar shinkafa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a gindin bangon madafa, yana bakin aiki.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya fara shan duka tun kafin a haifi masu gemun gidan, bai taɓa ramawa ba. Yana raba ƙwaya da ɓuntu ba tare da ya karya ta ba, abin da injin bakin kasuwa har gobe bai koya ba. An sha aronsa gida-gida, bai taɓa dawowa da gulmar kowa ba.

Goggo da yayarta ne suka gaje shi. Tare suke casa, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke: dum, dam, dum, dam. Da yayar ta rasu, Goggo ta ci gaba ita kaɗai, amma hannunta bai manta ba. In ta sauke taɓarya sai ta ɗan dakata, ta bar wa 'yar'uwarta wuri. A cikin wannan dakatawar turmin yake amsawa: dam. Jikoki suka ce bango ne ke maido da ƙara. Ba ta yi musu da kowa ba. Ita dai ta san bango ba ya gajiya, wannan kuwa in aiki ya yi nisa sai ya riƙa sassautawa, daidai yadda yayarta take yi saboda ciwon kafaɗa. Shi ya sa ba ta taɓa kai shinkafarta inji ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da 'yar tsaga a gefe. Ɗanta mai walda, don tausayin uwarsa, ya ɗaure shi da zoben ƙarfe tam. Tsagar ta tsaya, murya ta tafi. Goggo ta buga, ta dakata, shiru. Ta ƙara ƙarfi, shiru. Tsohuwar da ake riƙe wa buta ta dinga narka taɓarya kamar mai buga ƙofar da aka kulle mata, har turmin ya dare gida biyu, shinkafa ta watse a ƙasa. Ba ta ɗora wa yaron laifi ba, kuma tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Ya rasu ya bar taɓarya biyu, ɗaya ta yi sulɓi don aiki, ɗaya jingine a kusurwa an hana kowa taɓawa. Ya bar faifai mai yagaggen baki, da kajin da har yanzu suke taruwa inda yake zama, su tsaya suna kallon wurin.

Ba za a faskara shi a sa a murhu ba, duk wanda ya kawo wannan shawarar ya riƙe abarsa. Za a binne shi gobe da hantsi a bayan madafa, ɗanta ne zai haƙa ramin. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da sabon turmi. Ana kuma roƙon maƙwabta, don Allah, kada kowa ya ɗaga taɓarya a yinin goben. Goggo tana so unguwa ta yi tsit, ko yayarta za ta yi mata sallama.