Addu'ar da Na Yi wa Kaina a Tantin Mai Raƙuma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abubuwan da ke kaina, da wata Juma'a da na roƙi Allah ya tona asirin wani mutum, aka kuma amsa mini tun gahawar da ke hannuna ba ta huce ba. Mutane na kukan addu'arsu tana jinkiri. Ni tawa ko minti biyu ba ta yi a hanya ba.

Ni mai haɗa wayar lantarki ne a wani garejin ƙera karafan da ke Birnin Masana'antu na Biyu, nan kudancin Riyad. Karafan ita ce motar nan mai ɗaki a cikinta, da gado da kicin da banɗaki, wadda mutanen ƙasar nan ke fita jeji da ita idan sanyi ya shigo, su kwana biyu suna gasa nama suna kallon yashi. Shekara shida ina sa musu fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Su ne masu shan iska, ni ne mai shan zufa.

A sanyin bara, bayan an yi ruwa kwana biyu a jere, aka aike ni can arewa da gari in gyara wa wani kwastoma batir. A hanyar dawowa na ɓata. Na bi sawun taya har sawun ya ƙare, na bi wani shi ma ya ƙare, sai na gangara wani kwari na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a ƙasar nan ba. Ciyawa kore shar, furanni ƙanana, bishiyoyin ƙaya masu inuwa, ga ruwa ya kwanta a tsakiya kamar fadamar garinmu da kaka. Rauda suke kiran irin wannan wuri. Ina tsaye baki buɗe wani tsoho mai raƙuma, Abu Falah, ya same ni. Bai tambaye ni daga ina nake ba sai da ya tatso mini nonon taguwa a kwano ya ba ni dabino. Daga nan ya shige gabana da tsohuwar a-kori-kurarsa har bakin titi.

To, kafin mu tashi na yi abin da ya jawo mini. Kun san halinmu. A wurinmu idan mutum ya ga abin alheri ya yi shiru ya ci shi kaɗai, sunansa marowaci har jikokinsa. Sai na ɗauki bidiyon wurin. Fuskata ba ta fito ba, inuwata kawai da muryata, ina ta kwarara Larabcin gareji: "Wallahil azim ya jama'a, ta'alu! Mafi ahad, mafi zahma, kullu balash!" Wato ku zo, ba kowa, ba cunkoso, komai kyauta. Na haɗa da alamar taswira don kada kowa ya ɓata irin yadda na ɓata (kun ga tausayi). Na tura gurup ɗinmu na 'yan Najeriya, na tura wa matata Hadiza a gida, na kuma tura wa wani abokin aikina Basudane da ke hulɗa da kwastomominmu. Na manta da zancen.

Bayan sati biyar Hadiza ta iso da bizar ziyara. Ɗakinmu na unguwar Suwaidi taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Kwana huɗu da zuwanta ta ce, "Maigida, wai wurin nan mai ciyawa da ka turo mini, a ƙasar nan yake kuwa, ko na wata ƙasa ka aro?"

Abin ya taɓa ni. Washegari na je na tsaya gaban kafilina, wato ubangidan da bizata ke hannunsa, Abu Majid, mai garejin, na roƙe shi aron karafan ɗin da muke ajiyewa don nuna wa masu saye. Ya daɗe yana juya makullin a hannunsa. Ya ce, "Ka ga sunan garejina a jikinta, hagu da dama. Mutanen karkara sun fusata da masu karafan bana, suna ɗaukar hoton lambar mota suna kai ƙara wurin jami'an muhalli. In sunana ya fito a irin wannan magana, ba zan yi maka faɗa ba. Tikitin gida zan yanka maka." Na ce ai inda zan je babu kowa, kuma mai wurin abokina ne. Aikina da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da tukunyar iyayena a gida duk suna rataye da wannan makulli, amma na karɓe shi ina murmushi har kunne.

Ranar Juma'a da hantsi muka isa. Tun daga kan tudu Hadiza ta ce, "Kasuwa ake ci a nan?"

Karafan ce ko'ina, wata bayan wata, har gindin bishiyoyin. Janareto na ruri, hayaƙin gashi ya tashi, masu manyan motoci na tsere a tsakiyar kwarin. Inda na bar ciyawa, sawun taya ne ya saƙa tabarma. Ledoji sun rataya a jikin ƙaya. A mashigar kuma an gitta a-kori-kura biyu da tsofaffin tayoyi, maza na tsaye fuska ba annuri, suna mayar da duk wanda ya zo. Wani dogo a cikinsu ya zagaya motarmu da wayarsa, ya ɗauki lamba, ya ɗauki sunan gareji, hagu da dama.

Na diro da sauri. Na ce, "Ya akhi, tsaya! Ni ba irinsu ba ne. Ni baƙon Abu Falah ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni ne Falah, ɗansa. Zo mu ji ko ya san ka."

Tsohon ya gane ni kuwa. Ya tashi ya riƙe hannuna, ya zaunar da ni kusa da shi a cikin baƙin tantinsu na gashi. Aka wuce da Hadiza ɓangaren mata, wanda labule ɗaya ne ya raba mu da shi. Maza kusan goma na zaune. Aka zuba mini gahawa a ɗan ƙaramin kofinsu, na kurɓa, su kuma suka ci gaba da zancen da suke yi.

Zancen ba daɗi. Wani ya ce ciyawar da suke jira shekara guda an tattake ta cikin wata ɗaya. Wani ya ce da idonsa ya ga mai karafan ya buɗe tankin banɗakinsa a bakin ruwan da dabbobi ke sha. Daga nan Abu Falah ya kawo zancen taguwarsa, wadda na sha nononta. Ta haɗiye leda, kwana uku tana kwance, likitan dabbobi ya zo ya tafi bai yi alkawarin komai ba. Wallahi na ji zafin wannan har cikin raina. Amma zan faɗi gaskiya, akwai wani abu da ya fi shi ci mini rai, wato hoton nan da ke cikin wayar Falah. Na ce a raina, bari in nuna musu ni nasu ne, ko ya goge.

Sai na gyara zama na buɗe baki (wannan baki nawa, Allah ya shirye shi). Na ce, "Wallahil azim ya jama'a, laifin ba na waɗannan ba ne. Laifin na wanda ya fara nuna musu hanya ne. Wannan ba shi da tarbiyya. Ya ci arzikin mutane ya saka musu da sharri." Na ga ana gyaɗa kai, sai na ƙara wuta. Na ajiye kofi a gabana na ɗaga hannu biyu. "Allah ka tona asirinsa! Allah ka kawo shi gaban waɗannan bayin naka su gan shi da idonsu!"

Tanti ya ɗauka, "Amin!"

Falah kaɗai bai ce amin ba. Tun da na ce "ya jama'a" ya kafe ni da ido. Ya zaro wayarsa a hankali, ya lalubo wani abu, ya ƙure ƙara, ya ajiye ta a tsakiyar shimfiɗa kusa da farantin dabino.

"Wallahil azim ya jama'a, ta'alu! Mafi ahad, mafi zahma, kullu balash!"

Hannuwana na sama har lokacin. Na rasa yadda ake sauke su. Kowa na duban wayar yana dubana. Ina cikin tunanin ko in ce mu baƙaƙen Afirka duk muryarmu ɗaya ce, sai daga bayan labule na ji Hadiza ta ce da ƙarfi, cikin murna irin ta wadda ta ga ɗan'uwa a talabijin, "Lah! Maigida, ai bidiyonka ne!"

Babu mai jin Hausa a wurin, amma babu wanda ya nemi fassara. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai dai ƙasar ma tasu ce.

Falah ya miƙe tsaye. Ya ce wa mutanen su duba jikin motata su karanta. Mai ƙera karafan ne, ya ce, ya yi talla da makiyayarmu don ya sayar da hajarsa. Ya ce yanzu-yanzu zai tura lambar da sunan garejin inda ya kamata. Na ga tikitin nan ƙiri-ƙiri, na ga fuskar mahaifiyata ranar da zan sauka da jaka ɗaya. Larabcina duk ya gudu. Abin da ya rage mini shi ne in juya ga tsohon in ce, "Ya ammi, ni ne. Ba talla ba ce, wauta ce. Mai garejin bai san komai ba."

Tsohon ya ɗauki butar gahawa da kansa, ya ɗauki kofina daga ƙasa, ya zuba ya miƙo mini. Na karɓa. Ya ce, "Tun da ya yi sallama na gane muryar. Sau nawa kuka kunna mini ita?" Sannan ya juya ga ɗansa. "Ya sha gahawata a tantina. Goge hoton."

"Baba, taguwarmu fa..."

"Goge."

Falah ya goge, ya juyo da wayar ya nuna wa ubansa, ba ni ba. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, na fake da hayaƙin itace.

Abu Falah ya tambaye ni me ya sa na yi haka. Na ce a ƙasarmu idan mutum ya ga abu mai kyau, kiran mutane yake yi. Ya ce, "Mu ma muna kira, ya waladi, ɗana. Amma mukan kira mutum da sunansa, mu tsaya mu tarbe shi. Kai ka kira waɗanda ba ka sani ba zuwa inda ba za ka tsaya ba." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan azahar aka miƙo mini buhunan shara, aka haɗa ni da Falah. Muka bi karafan ɗaya bayan ɗaya, shi yana gaya musu su tattara su tashi kafin magariba, ni ina tsintar leda da gwangwani a bayansa. Da na buɗe baki in ba da haƙuri sai wani ya nuna ni ya ce, "Kai ne mafi zahma?" Aka yi ta kiran juna a zo a gan ni. Mafi muni, a can ƙarshen kwarin muka tarar da motoci uku na 'yan gurup ɗinmu, an shimfiɗa tabarma ana juya dafa-duka. Suna hango ni suka ɗaga murya, "Ga mai wurin! Ga mai wurin da kansa!" Falah ya tambaye ni me suke cewa. Na ce gaisuwa ce. A nan ne na ga ya yi dariya karo na farko, ya kuma karɓi buhu ɗaya daga hannuna.

Da yamma muka kamo hanyar Riyad, buhunan shara jibge a kan gadon motar da na yi wa Hadiza alkawarin za ta huta a kai. Ita kuwa ta dawo da lalle a hannu da man shanu a kwalba, matan sun riƙe ta kamar 'yarsu. Duk tsawon hanya, lokaci-lokaci sai ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Amin," ta kifa kai tana dariya. Na wanke motar tas na mayar, na kuma gaya wa Abu Majid komai da bakina. Ya ce, "Wanda ka ɓata wa ya rufa maka asiri, ni ba zan buɗe ba. Koma bakin aikinka."

Bayan kwana goma Falah ya kira ni. Ya ce taguwa ta miƙe, tana ci. Na zauna a kan bokitin fenti a tsakiyar gareji ina ta hamdala, har abokan aiki suka zaci haihuwa aka yi mini. Ya ce kuma babansa na gaishe ni, idan ruwa ya sauka baɗi akwai wani kwari da za su koma, in zo da iyalina. "Amma za mu tarbe ka a bakin titi," in ji shi, "ka ba ni wayarka in riƙe maka."

Na ce na yarda, har caja zan haɗa masa. Mutanen da na jawo wa ɓarna su ne suka riƙe mini abincina, kuma har gobe ina yi musu addu'a. Sai dai yanzu na koyi tsari. Kafin in roƙi Allah ya tona asirin wani, nakan tsaya in binciki wayata tukuna.