Yadda Ake Zaɓen Bindigar Agwagwa a Gaji Kujera a Bukkar Suruki

Bi matakan nan, kujerar da ke bukkar farautar surukinka ta zama taka kafin sanyin bana ya wuce. Ba a taɓa bin su an faɗi ba. Mutum ɗaya ne dai ya taɓa bin su, Curtis Lavergne, ga shi can zaune.

Bukkar tsoho Ovide Fontenot tana tsakiyar gonar shinkafarsa, kudu da garin Gueydan, inda ake sakin ruwa bayan girbi agwagin daji su sauka. Mutum biyu take ɗauka, sai kare. Ƙanen tsohon ya rasu bara, kujerarsa ta zama fanko. Mazan 'ya'yan tsohon biyu suka sa mata ido: Elray, wanda tun yana yaro yake harbi, da Curtis mijin Odile, wanda ya yi karatu a Chicago, bai taɓa kashe abin da ya wuce sauro ba. Tsohon ya ce su zo Asabar, su matsu su uku a ciki, ya gwada su. Wanda ya faɗi, a kicin zai riƙa yin Asabar ɗinsa, yana yanka albasar miyar gumbo.

1. Sayi mai ɗura wa kanta harsashi.
Ka ja kunama sau uku, ta amsa sau uku. Doka ce ta tsayar da ita a nan, ba kai ba. Amfaninta shi ne ba sai ka iya saiti ba. Garke na zuwa, juye duka ukun cikin sama, duk wadda ta faɗo ka riga kowa ihun “Tawa ce!” Matacciyar agwagwa ba ta ba da shaida.

2. Nemi harsashi mafi tsawo.
Mai shago ya ce wa Curtis, “Ɗan'uwa, wannan na manyan dinya ne. Kafaɗarka ba za ta gode maka ba.” Curtis ya ce a ƙunsa masa. Ya yi daidai. Wanda ba shi da nama yana bukatar tabon da zai nuna a teburi.

3. Launi, launi, launi.
Baƙar bindiga ta tsofaffi ce. Kai mai zanen ciyawa kake so, daga baki har gindi. Curtis bai yi wasa da wannan ba. Ya tsigo ciyawar kunyar gonar surukinsa, ya kai shago, ya baza a kan bindigogi, ya zaɓi wadda ta ɓace a ƙarƙashi. Mai shagon kansa sai da ya laluba.

Odile ta dube ta, ta dube shi. “To bindiga ta ɓuya. Fuskar nan taka mai sheƙi kamar faranti fa?”

Kada ka kula. Mata ba su san kimiyya ba, harbi kawai suka iya.

4. Kada ka gwada ta.
Gwaji yana kawo labari, labarin kuma ba mai daɗi ba ne.

5. Zauna a hagun surukinka.
Irin wannan bindiga ta dama take tofar da kwanson harsashi, da zafinsa. Hakan zai sa tsohon ya san kana nan.

Garken farko ya zo da fitowar rana. Curtis ya juye ukunsa. Kwanso ɗaya ya bugi hular tsohon, ɗaya ya shiga wuyan rigarsa, na ukun ya faɗa kofinsa.

Tsohon ya tsamo shi da yatsu biyu. “Yaro, ni ne agwagwar?”

“Yi haƙuri, Mista Ovide. Sabuwa ce.”

“Sama ma sabuwa ce? Ita kaɗai ka samu.”

6. Riga kare zuwa wurin nama.
A garke na biyu ɗaya ta faɗo can bayan kunya. Elray ya ce tasa ce. Curtis ya ce tasa ce, ya dira daga bukka da bindiga a hannu, yana tsere da Bijou, karyar tsohon. Da ruwa ya kai masa gwiwa, ya ajiye bindigar cikin ciyawar kunya don hannuwansa su huta. Bijou ta wuce shi da agwagwa a baki, ko kallo bai ishe ta ba.

Ya juyo. Ciyawa gabas, ciyawa yamma.

Ya rarrafa, ya shafa, ya ɗaga duk abin da ya yi kama da bindiga, duk ciyawa ce.

“Ɗan Chicago!” in ji Elray daga bukka. “Yi mata fito, ko za ta amsa!”

Tsohon ya zo ya taya shi dubawa, hannu a aljihu. “Gaskiya ka iya zaɓe,” ya ce.

7. Koma bukka hannu biyu.
Tsohon ya miƙa masa igiyar da ke girgiza agwagin roba a kan ruwa don yaudarar na daji. Curtis ya ja, ya saki, ya zuba kofi, ya yi shiru don kunya. Agwagi suka yi ta sauka. Elray kuwa duk wadda tsohon ya ɗaga bindiga gare ta, sai ya riga shi kaɗo ta, ya kuma bayyana yadda ya yi.

A bakin mota tsohon ya ce, “Curtis, Asabar mai zuwa ka zo da wuri.”

Elray ya saki baki. “Mista Ovide! Mutumin nan ko bindiga ba shi da ita!”

“Shi ya sa.” Ya juya ga Curtis. “Ranar da ka sayi wata, ka wuce kicin.”

Gargaɗi.
Mai wannan rubutu ba shi da hannu a kafaɗar da ta goce, kofin da ya lalace, ko injin huɗa da zai ci karo da ƙarfe idan bazara ta zo. Ba shi kuma da abin cewa game da zancen Odile, wai a hanyar komawa mahaifinta ya taka wani abu mai tauri cikin ciyawa, ya tsaya, ya dubi sama, ya ci gaba da tafiya.