Lyuben Mai Tsaron Maɓalli

A duk birnin Plovdiv babu gwanin haɗa shafukan intanet kamar Lyuben Chakarov. Wanda ke shakka ya tambayi Lyuben. Shi ya gina maɓallin da aka ce mu ma'aikatan ofishinmu mu riƙa ɗauka muna dasawa a kowane shafi. Maɓalli dai, wannan da ake latsawa. Muka laƙaba masa Sarkin Ƙofa, ya ɗauka yabo ne, har yana amsawa.

Siffofi uku kacal ya yarje wa maɓallin: launi, girma, da abin da ke fuskarsa. In ka liƙa masa ta huɗu, sai maɓallin ya tofar da ita. Mai son ƙari sai ya rubuta wa kwamiti. Kwamitin mutum ɗaya ne, Lyuben kansa, yana zama ran Alhamis in ya gama cin banitsa, gashin fulawa mai cuku.

Rumyana, abokiyar aikinmu, ita ce ta je da buƙata. Shafin wata ƙungiyar makafi take haɗawa, saura kwana huɗu a buɗe. Na'urar da ke karanta musu allo in ta zo kan maɓallin mai hoto, sai ta ce "maɓalli" kawai ta yi shiru. Siffa ɗaya take roƙo, inda za ta saka bayani.

"Ƙanwata," in ji Lyuben, ko da yake ta girme shi, "yau na ba ki ɗaya, gobe Zdravko ya zo neman biyu, jibi maɓallina ya zama kasuwar ƙauye. Tsari nake karewa. Tarihi zai gode mini."

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Rumyana ta koma kujerarta ta duƙufa kan aiki. Shafin kuma ya buɗe a kan lokaci, makafi suna ta yabawa. Lyuben ya karɓi yabon da hannu biyu.

A taron ƙarshen shekara ya miƙe gaban manaja, ya gyara wuyan riga. "Shekara uku, ko ƙorafi ɗaya ba a kawo kan maɓallina ba!"

Manaja ta ji daɗi, ta ce a duba a shafuka nawa yake aiki. Zdravko, abokin aikinmu, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Ɗaya ne, ranki ya daɗe. Shafin gwajin Lyuben. Mu dukkanmu maɓallin da Rumyana ta ƙera muke ɗauka."

"Ƙarya ne!" in ji Lyuben. "An latsa shi sau dubu huɗu!"

"Haka ne, maigida. Duka daga kwamfutarka."